'Yancin Ƙananan Hukumomi a Najeriya

'Yancin ƙananan hukumomi shi ne batun ko ƙaramar hukuma za ta riƙe kuɗinta, ta zaɓi shugabanninta, ta gudanar da ayyukanta ba tare da gwamnan jiha ya riƙe mata linzami ba. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774, har da guda 6 na Babban Birnin Tarayya, Abuja. Kano ce ta fi kowace jiha yawa da 44, Katsina na biye da 34, Bayelsa kuwa 8 kacal gare ta.

Asali

Tsarin da ake kai yanzu ya samo tushe daga gyaran 1976, lokacin mulkin soja na Janar Obasanjo, wanda ya mayar da ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasar, a matsayin mataki na uku na gwamnati. A Arewa, wannan gyara ne ya ƙarasa kawar da En'e, inda sarki da majalisarsa ke riƙe da baitulmali da haraji.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya bar ƙulli. Sashe na 7 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, amma ya bar wa majalisar dokokin jiha ta tsara yadda za a kafa su da yadda kuɗinsu zai gudana. Sashe na 162 kuma ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙananan hukumomi zai fara sauka. Kason ba ƙarami ba ne: kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. A asusun haɗin gwiwar ne ake zargin gwamnoni da zaftare kuɗi da sunan ayyukan haɗin gwiwa, har ciyaman ya zamana albashi kawai yake iya biya. Haka nan gwamnoni da dama sun sha rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi, wasu su shekara da shekaru ba a yi zaɓe ba.

Hukuncin 2024

An yi ta ƙoƙarin gyara kafin nan. A 2019 hukumar NFIU, mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, ta fitar da ƙa'idojin taƙaita taɓa kuɗin asusun haɗin gwiwar, gwamnoni suka garzaya kotu. Ƙudurorin gyaran tsarin mulki kuma sun saba mutuwa a majalisun jihohi, domin sai 24 daga cikin 36 sun amince, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne wanda waɗannan majalisu ke saurara.

Ranar 11 ga Yuli 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin alƙalai bakwai. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa, kuma ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba za ta samu kaso ba.

Muhawarar

Masu goyon baya, irin su ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE, suna cewa rijiya da asibitin shan magani da kasuwar ƙauye duk aikin ƙaramar hukuma ne, kuma talauci da rashin tsaro sun yi katutu a karkara ne saboda gwamnati mafi kusa da talaka ta zama fanko. Masu adawa na cewa a tsarin tarayya na gaskiya jihohi ne ke ƙulla tarayya, don haka bai kamata Abuja ta tsallake gwamna ba. Wasu lauyoyi sun ƙara da cewa kotu ta taka sashe na 162, wanda har yanzu yana nan ba a goge ba. Malaman firamare ma suna da nasu tsoron, domin suna tuna shekarun 1990 lokacin da albashinsu ke hannun ciyamomi, ana bin bashin watanni.

Sai dai abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne wanda ke zaɓen ciyaman. Hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamnoni ke naɗa shugabanninsu, su ke shirya zaɓen; INEC ba ta taɓa na ko'ina sai na Abuja. Bayan hukuncin, jihohi sun yi rige-rigen yin zaɓe, kuma kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce ta kwashe kujeru, ko wace jam'iyya ce ke mulkin jihar. A Kano, NNPP ta lashe duka 44 a Oktoban 2024. Ciyaman da gwamna ya ɗora, ko an zuba kuɗin a asusunsa, da wuya ya ce a'a idan aka ce ya mayar. Wannan ne ya sa wasu ke neman a miƙa wa INEC zaɓen, wasu kuma ke ganin hakan ƙara tara iko ne a Abuja.

Aiwatar da hukuncin ma ya yi tafiyar hawainiya. An yi ta jan ƙafa kan buɗe wa ƙananan hukumomi asusu a Babban Bankin Najeriya, jihar Anambra kuma ta yi doka a Oktoban 2024 wadda ta tilasta musu zuba wani ɓangare na kasonsu a asusun da jiha ke kula da shi.