Waiwaye: yadda kayan Nijar ke neman hanyar teku, daga gyaɗa zuwa albasar Galmi

Wanda ya taɓa shan shayi a mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ke haɗuwa da babban titin Yamai zuwa Damagaram, ba ya buƙatar littafi kafin ya san abin da ƙasar nan ke sayar wa duniya. Shekara da shekaru motoci iri biyu ne suka riƙa ratsa wurin. Akwai masu gangarowa daga Arlit da gangunan yuraniyom, da rakiyar jami'an tsaro, ba mai ɗaga musu hannu. Akwai kuma manyan motocin Galmi da Madawa, an lafta musu buhunan albasa har sun karkace, yaron mota na kwance a bisa, kowane shinge sai an tsaya "a gaisa". Dukansu bakin teku suke nema, ga shi mu ba mu da teku. Kwatano tana da nisan kusan kilomita 1,000 daga Yamai.

Lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960, gyaɗa ce ke riƙe da baitulmali. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA don ya saye ta daga manoman Maraɗi da Damagaram. Wata ta bi jirgin ƙasan Kano zuwa Legas, wata ta bi mota zuwa Paraku, inda dogon Kwatano ya tsaya. Faransa na saye da farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da ta janye wannan rangwamen saboda ƙa'idojin kasuwar Turai. Sai ga fari, wanda ya yi tsanani a 1973 da 1974. Gyaɗa ba ta sake miƙewa ba.

Ana cikin wannan hali yuraniyom ya shigo. Kamfanin SOMAIR ya soma haƙa a Arlit a 1971, kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1978. Kuɗi suka zubo zamanin Seyni Kountché. Da su aka ta da manyan gine-ginen Yamai, da su aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, wadda har yau ake kira hanyar yuraniyom ko da ramuka sun cinye ta. Aka kuma ci bashi da tunanin farashin zai dawwama. Bai dawwama ba. Tun farkon shekarun 1980 ƙasashen Yamma suka rage gina tashoshin nukiliya, farashi ya faɗi, bashi ya tsaya daram. A 1983 Nijar ta je gaban Asusun Lamuni na Duniya, aka gindaya mata sharuɗɗan tsuke bakin aljihu: a rage ɗaukar ma'aikata, a sayar ko a rufe kamfanonin gwamnati. Ba Nijar kaɗai ba ce. Abin da ya sami Zambiya da tagulla da Gana da koko ke nan, duk ƙasar da ta rataya kasafinta a kan kaya ɗaya wanda wasu ke yanka wa farashi.

Sai watan Janairun 1994, da aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma 100. Magani da taki da kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo. Amma a nan jihar Tawa abin ya zo da wata fuska da ba a cika faɗa ba: albasar Holan da ke cika kasuwar Abijan ta yi tsada, ta Galmi ta samu wuri. Ba wani babban shirin gwamnati ne ya gina wannan fatauci ba. Manoman fadamun Galmi da Madawa da Tamaske da Keita ne, da dillalai, da ƴan uwansu da suka daɗe da zama a zangon Kumasi da Akara, ana aika kaya bisa amana ana aiko kuɗi. A ganina, idan ana maganar kasuwancin ƙetare da ya taɓa aljihun talaka kai tsaye, albasa da dabbobi da wake sun yi abin da yuraniyom bai yi ba cikin shekara 50.

A kan takarda kuwa ba a bar mu a baya ba. Ranar 7 ga Yulin 2019, a Yamai aka ƙaddamar da yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wadda Mahamadou Issoufou ya jagoranta, kuma a wannan taron ne Muhammadu Buhari ya sa wa Najeriya hannu. Ba a cika wata biyu ba, cikin Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta don yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Mutanen Kwanni sun ga abin da idonsu, motoci sun yi layi a bakin Illela, harka ta koma hanyoyin daji da babura cikin dare. Dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso shi ma yana nan kwance, bai kai Paraku ba, bai ɗauki buhu ko ɗaya zuwa teku ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta saka takunkumi, aka toshe gadar Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hukumomin Yamai suka bar iyakar Benin a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma tashar Lome, suna ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, tafiyar kwanaki ta koma ta makonni. Hatta bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem, wanda ya soma lodin jiragen ruwa a Mayun 2024, a gaɓar Benin bakinsa yake. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, ta kuma karɓe SOMAIR daga hannun kamfanin Orano na Faransa cikin Yunin shekarar, amma tambayar ta wace ƙofa kayan za su fita tana nan.

Sai dai jira ba iri ɗaya ba ne. Gangar yuraniyom za ta yi shekara a ajiye ba abin da zai same ta, ɗanyen mai ma haka. Albasa kwana kaɗan take yi cikin zafin mota ta soma tsiyayar ruwa, a ji warinta tun daga nesa. Manomin da ya ci bashin taki da man injin ban ruwa ba shi da ƙarfin jira. Cikin Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya cire tasa kuma farashi ya faɗi ƙasa warwas, shi ke cika buhu har a ɗinka masa hula a ka, a biya shi kuɗin buhu ɗaya. Mai ɗan hali shi ke zuba tasa cikin rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, ya jira damina farashi ya ninka. Duk ƴan kwanaki sai ya shiga ya juya ta, ya tsince waɗanda suka ruɓe ya watsar bayan gida.