Launin Fatar Ɗan Adam: Asalinsa da Yadda Ya Rarrabu

Launin fata siffa ce da ake gada, kuma mafi yawanta ya dogara ne ga wani sinadari mai suna melanin: yawansa, irinsa, da yadda ya bazu a cikin fata. Masu binciken asalin ɗan Adam sun haɗu a kan cewa bambancin launi tsakanin al'ummomi ya biyo ƙarfin rana a inda kakanninsu suka daɗe da zama, kuma launin ya sauya fiye da sau ɗaya, ta hanyoyi daban-daban. Afirka ce nahiyar da ta fi kowace yawan launuka. Wanda ya tsaya a kasuwar Marwa ko ta Kuseri a arewacin Kamaru zai ga shaidar haka cikin minti kaɗan: ga baƙi wuluk, ga wankan tarwaɗa, ga wanda Bahaushe ke kira ja ko fari, alhali duk rana ɗaya ce ke dukansu.

Yadda fata ke yin launi

A ƙasan ɓawon fata na sama akwai ƙwayoyi masu suna melanosayit, su ne masana'antar launi. Suna ɗaukar wani sinadari, tayirosin, su sarrafa shi da taimakon wani mai suna tayirosines har ya zama melanin, sannan su ɗura shi cikin 'yan ƙananan ƙunsoshi su miƙa wa ƙwayoyin fata da ke kewaye da su. Kowace melanosayit ɗaya tana ciyar da ƙwayoyi kusan 36. Ƙunsoshin kan taru a saman cibiyar ƙwayar, inda DNA, wato sinadarin gado, yake, kamar malfa a kan manomi.

Melanin iri biyu ne: mai duhu, daga ruwan ƙasa zuwa baƙi, wanda shi ne ke kare fata, da mai ja-ja ko rawaya, wanda kariyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Bature da baƙar fata kusan adadin melanosayit ɗaya suke da shi. Bambancin yana cikin aiki: a baƙar fata ƙunsoshin manya ne, cike suke, warwatse ɗaya-ɗaya, kuma suna daɗewa, a farar fata ƙanana ne, a dunƙule, kuma suna saurin rugujewa. Wani awo da aka yi a 1979 ya nuna ɓawon baƙar fata yana barin kusan kashi 7 cikin 100 na haske mai ƙuna ya wuce, na farar fata kuwa kusan kashi 24.

Masu bincike ba sa auna launi a fuska ko bayan hannu, don rana ta riga ta ƙara musu duhu. A cikin damtse ta wajen hammata ake ɗora na'urar, inda launin gado yake zaune bai gauraya ba.

Kafin fata ta yi baƙi

Fata ba ta zama dutse kamar ƙashi, saboda haka babu wanda ya taɓa ganin launin halittun farko. Daga alamomi ake gano shi. Tumai, ƙoƙon kan da Ahounta Djimdoumalbaye na ayarin Michel Brunet ya tsinta a hamadar Jurab ta arewacin Chadi a watan Yulin 2001, ya kai kimanin shekara miliyan 7. Abel, muƙamuƙin da aka samu kusa da Koro Toro, ita ma a Chadi, a 1995, ya kai kusan miliyan 3.5. Masana suna ɗaukar cewa halittu irin waɗannan gashi ne ya lulluɓe su, kuma fatar da ke ƙarƙashin gashin mai haske ce, kamar yadda ake gani a jikin birin cimfanzi idan aka buɗa gashinsa.

Sauyin ya zo ne da tafiya. Tun kusan shekara miliyan 2 da suka wuce aka sami masu dogayen ƙafafu da ke cin dogon zango a fili da rana tsaka. Ƙasusuwan yaron Turkana da Kamoya Kimeu ya gano a Kenya a 1984 misali ne. Mai irin wannan tafiya dole ya sanyaya jiki da gumi, gumi kuwa ba ya bushewa da kyau a cikin gashi. Sai gashi ya ragu, kafofin gumi suka yawaita, har ga shi yau mutum yana da tsakanin miliyan 2 zuwa 4. Fata ta fito fili ke nan, ba rufi. Nazarin ƙwayar gado mai suna MC1R, wadda ke karkata melanosayit zuwa yin melanin mai duhu, ya sa Alan Rogers da abokan aikinsa suka ƙiyasta a 2004 cewa fata mai duhu ta kafu tun aƙalla shekara miliyan 1.2 baya. A Afirka wannan ƙwayar gado kusan ba ta yarda da canji ba har yau, alhali a Turai ta yi rassa barkatai, ciki har da masu jawo jan gashi.

Folet da bitamin D

A shekarar 2000 Nina Jablonski da George Chaplin suka ɗauki awon hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mai ƙuna fata, da tauraron ɗan Adam na NASA ya tattara, suka ɗora shi a kan taswirar launin al'ummomin asali na duniya. Taswirorin biyu suka yi kusan daidai. Bayaninsu shi ne, rana tana ja ta fuska biyu, fata kuma tana neman tsakiya.

Fuska ta farko folet ce, sinadarin da ake samu a ganye da wake, wanda jiki ke buƙata duk lokacin da ƙwayoyi ke rabuwa da sauri. Hasken UV yana lalata shi. An nuna haka tun 1978. Idan ya yi ƙaranci a jikin mace a farkon ciki, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya, wanda ke rufewa cikin kwana 28 na farko, yana iya ƙin rufewa, a haifi jariri da buɗaɗɗen baya ko a rasa shi. Wannan ne ma dalilin ƙwayar folik asid da ake bayarwa wajen awon ciki, kodayake amfaninta ya fi yawa idan an fara sha tun kafin a ɗauki cikin. Duk abin da ya taɓa haihuwa yana saurin tace zuriya, don haka a inda rana ke da ƙarfi masu duhun fata suka fi barin 'ya'ya. Akwai masu ganin sankarar fata ce ta yi wannan aiki. An daɗe ana raina hujjarsu da cewa sankara takan zo bayan mutum ya gama haihuwa, amma halin da zabiya ke shiga a ƙasashe masu zafi, inda ciwon kan kama su tun suna samari, ya nuna ba abin yarwa ba ce.

Fuska ta biyu bitamin D ne. Ɓangaren hasken da ake kira UVB yana bugun wani sinadari dangin kolestarol a cikin fata ya mai da shi bitamin D, hanta ta gyara shi, ƙoda ta ƙarasa. Ba tare da shi ba hanji ba ya tsotsar kalsiyam yadda ya kamata: ƙashin yaro ya yi laushi ya lanƙwashe, ƙugun yarinya ya tsuke, haihuwa ta zame mata haɗari. Melanin yana tare UVB, don haka mai baƙar fata yana buƙatar rana ninki da yawa kafin ya yi abin da mai farar fata zai yi.

A Injamena ta Chadi, wadda ke kusan digiri 12 arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, wannan ba damuwa ba ce. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, rana kan tsaya daidai tsakiyar ka, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. A Boston ta Amurka kuwa, digiri 42, gwajin 1988 ya nuna fata ba ta yin bitamin D daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Edmonton ta Kanada, sama da digiri 53, daga Oktoba har Maris. Ma'auni mai sauƙi shi ne inuwa: idan ta fi mai ita tsawo, UVB ɗin da ke sauka kaɗan ne. Gilashin taga ma yana tare shi. Abinci na iya cike giɓin, shi ya sa 'yan Inuwit na can ƙuryar arewa, masu rayuwa a kan kifi da kitsen dabbobin teku, ba su yi fari kamar yadda wurin zamansu zai sa a zata ba.

Bayan fita daga Afirka

Mutane irinmu sun bayyana a Afirka kimanin shekara 300,000 baya, kamar yadda ƙasusuwan Jabal Irhud na Maroko suka nuna, kuma mafi yawan waɗanda ke wajen nahiyar yau zuriyar ayarin da ya fita ne shekara 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce. Haske bai zo musu nan take ba. DNA na wani mafarauci da aka tono a La Braña ta Sifen, mai shekara 7,000, da na mutumin Cheddar na Ingila, mai kusan 10,000, ya nuna ba su da manyan ƙwayoyin gadon da ke sa Turawan yau fari, amma suna da na shuɗin ido. Wato Turai ta shafe dubban shekaru da mazauna masu duhun fata.

Babbar ƙwayar gadon farin Turawa, SLC24A5, a jikin wani ɗan kifi mai ratsi-ratsi aka fara gano aikinta a 2005. Canjin harafi ɗaya na DNA a cikinta yana ɗauke da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tazarar launi tsakanin Turawa da mutanen Afirka ta Yamma. Manoman Anatoliya, Turkiyya ta yau, su suka yaɗa ta cikin Turai tun kusan shekara 8,500 baya. Ta biyu, SLC45A2, sai cikin shekara 5,000 na baya-bayan nan ta game. Ana danganta wannan da noma: wanda ya bar kifi da nama ya koma hatsi ya rasa bitamin D na abinci. Mutanen Sin, Koriya da Japan kuwa ta wata hanya suka yi haske, musamman ta wani canji a OCA2 da ba a samu a Turai. Fari biyu ne, asali biyu.

Cikin Afirka da kwarin Tafkin Chadi

A 2017 ayarin Sarah Tishkoff ya auna fata da DNA na mutum 1,570 a Habasha, Tanzaniya da Botswana. Mafi duhu su ne makiyaya masu harsunan Nilo-Sahara, mafi haske kuma 'yan San na kudancin Afirka. Binciken ya fito da wata ƙwayar gado, MFSD12, ya kuma nuna cewa da yawa daga nau'o'in haske da na duhu duk a Afirka suka tsiro, wasu tun kafin bayyanar mutum irinmu. Wasu nau'o'in duhun ana samunsu har a kudancin Indiya da tsibiran Melaneshiya. Baƙi wuluk shi ma ƙari ne da aka samu daga baya, ba tsohon launin da ya tsaya cak ba. SLC24A5 kuma ta dawo Afirka tare da masu ƙaura, har ta kai kusan rabi a wasu al'ummomin Habasha.

Kwarin Tafkin Chadi mahaɗa ce. Tsakanin kusan shekara 11,000 zuwa 5,000 baya Sahara kore ce, tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, mutane da shanu suna ratsawa. Nazarin 2016 a kan mutanen Chadi ya sami alamun gauraya da mutanen Yureshiya, wato Turai da Asiya, fiye da sau ɗaya, musamman a cikin Tubawa. Larabawa makiyaya, kakannin Shuwa, sun riga sun iso tun 1391, lokacin da Mai Usman bin Idris na Borno ya rubuta wa sarkin Masar yana kuka da su. Misalin da ya fi ɗaukar hankali shi ne jinin uba mai suna R1b-V88, ɗan'uwan wanda ya fi yawa a yammacin Turai. Ya yi yawa ƙwarai a cikin masu harsunan dangin Hausa a duwatsun Mandara, inda ya haura kashi 90 cikin 100 a mazan ƙabilar Uldeme, kuma ana samunsa a Hausawa. Masu ɗauke da shi baƙaƙe ne kamar maƙwabtansu, domin layin uba zare ɗaya ne cikin dubbai, launi kuwa ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa su yi shi. Shi ya sa ake samun Jatau da Duna uwa ɗaya uba ɗaya.

Inda ake samun tangarɗa

Zabiya yana da melanosayit, melanin ne ba sa yi ko suke yi kaɗan. A Afirka mafi yawansu daga OCA2 ne. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da nau'in, ko da su kansu baƙaƙe ne, kuma a kowane ciki damar ɗaya ce cikin huɗu. Ba laifin uwa ba ne, ba aikin iska ba ne. Abin da ke tsare zabiya shi ne malfa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariyar rana, tabarau, da kai duk wani gyambon da ya ƙi warkewa asibiti da wuri.

Gwame da ƙafar baka a yaran yankin ba kullum daga rashin rana suke ba. Gwajin da aka yi a Jos a 1999 ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban dalili, abin da ke faruwa idan tuwon dawa ko masara ya yi yawa, nono da kifi suka yi kaɗan. Sai dai macen da ba ta fita rana, da baƙar fatar da ya koma Faransa ko Kanada, suna iya rasa bitamin D na gaske.

Man bilicin kuwa tayirosines yake kashewa, yawanci da hayidrokwinon ko makuri, sau da yawa haɗe da maganin sitiroyid. Ba ya taɓa gado, don haka da an daina launi ke dawowa, kuma jaririn da za a haifa launin iyayensa na asali zai ɗauko. Gaɓoɓin yatsu da gwiwa suna ƙin bi su zauna baƙaƙe, fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata, makuri ya taɓa ƙoda. Dogon amfani da hayidrokwinon yana barin tabo mai duhu a kumatu wanda ke da wuyar gogewa. Ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta shigowa da sayar da kayan shafa masu waɗannan sinadarai a watan Agustan 2022.