Zaren kabon daga itace: faɗi-tashin da aka yi da liginin

Duk tsiron da ke tsaye da ƙafarsa, daga gawon da ke tsakiyar gona har zuwa karan hatsi, akwai sinadarin da ke riƙe da shi. Masana na kiransa liginin. Shi ke manne zaruruwan jikin tsiro wuri guda, shi ne kuma ke sa kara ya yi tauri idan ya ƙosa, dabba ta cinye ganyen ta bar sandan. A itace yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma kimanin kashi 60 na nauyinsa kabon ne, wato sinadarin da ke cikin gawayi.

Masu yin takarda ba sa ƙaunarsa. Tun da Carl Dahl ya fito da dabarar dafa itace da sinadarai a 1879, aikinsu shi ne raba liginin da ɓangaren da ake yin takarda da shi. Yana fita cikin wani baƙin ruwa mai kauri, tan miliyan 50 ko fiye a duk shekara a faɗin duniya. Kusan duka ana ƙone shi ne don hura tukunyar masana'anta. Abin da ake sayarwa don wani aiki daban bai wuce kashi 2 cikin 100 ba.

Mayar da tsiro zaren kabon, wato zaren da aka gasa har ya zama kusan kabon zalla, wanda a yau ake sawa a jikin jiragen sama da motoci saboda rashin nauyinsa, ba sabon abu ba ne. A 1879 Thomas Edison ya gasa zaren auduga ya sa a ƙwan fitila, daga baya ya koma gora. Zare mai ƙarfin gaske kuwa sai a 1958 Roger Bacon ya samo shi a Amurka, sannan Akio Shindo na Osaka ya nuna yadda za a yi shi daga PAN, wani sinadari da asalinsa man fetur ne. A Japan ɗin dai Sugio Otani na Jami'ar Gunma ya juya ga liginin, ya samu takardar mallakar fasahar a Amurka a 1969, kamfanin Nippon Kayaku kuma ya ɗan taɓa sarrafa shi da sunan Kayacarbon. Bai yi nisa ba. Kamfanin Toray ya shigo kasuwa da zaren PAN a 1971, na liginin ya kasa ja da shi.

Dalilin yana cikin halittar liginin. Ƙwayoyin PAN dogaye ne, suna jeruwa sahu-sahu idan an ja su. Na liginin rassa gare su ko'ina, kuma na wannan bishiya daban da na waccan. Ga toka, ga sulfa (farar wuta) da ke biyo shi daga tukunya. In an gasa, sai zaren ya fito da ƴan ramuka a ciki, nan ne kuma yake karyewa.

Tsadar PAN ce ta sa aka sake waiwayar liginin bayan shekara ta 2000, domin PAN kaɗai ke cinye kusan rabin kuɗin yin zaren. Cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta daɗe tana neman zare mai araha don rage nauyin motoci. A Suwidin aka ƙirƙiro dabarar LignoBoost mai tsamo liginin mai tsabta daga baƙin ruwan, kamfanin takarda na Domtar ya fara aiki da ita a 2013, na Stora Enso a Finlan a 2015. Duk da haka zaren liginin zalla ya yi ta gaza kai mizanin ƙarfin da masu mota ke nema.

A nan ne masu bincike suka sauya akala, kuma a ganina sun yi daidai. Tunda ramukan sun ƙi ɓacewa, sai aka shiga ƙara su da gangan. Ana narkar da liginin, a ja shi da ƙarfin lantarki ya zama zare siriri ƙwarai, ya taru kamar shimfiɗa. A ɗumama shi a hankali cikin iska zuwa digiri 250 ko kusa da haka, don kada ya narke ya manne. Gaggawa a wannan mataki ita ke ɓata aikin. Sannan a gasa shi cikin iskar naitirojin a digiri 800 zuwa 1000. Daga ƙarshe a huda shi da tururi ko da sinadarin fotash mai kaifi, ɗan'uwan wanda ke cikin ruwan tokar da matanmu ke tacewa daga karan hatsi. Fotash ɗin na cin kabon yana barin ƙofofin da ido ba ya gani, har faɗin cikin giram guda ya haura murabba'in mita 1,000. Irin wannan zare yana kama rini da dattin sinadarai a ruwa, yana kuma aiki a na'urorin ajiyar lantarki masu saurin caji.

Wannan ɓangaren ne ya shafe mu a Maraɗi. Ba mu ƙera jirgin sama, amma muna da ruwan marina da na majema da ke malala ba a tace ba, muna da gidajen da suka dogara da batirin sola. Sai dai kada a zuzuta shi fiye da kima. Sinadarin fulorayid da ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibiri, kabon zalla ba ya kama shi sosai sai an haɗa shi da wani abu kamar alminiyam.

Ina kuma jin zafi idan na ga ana kiran karan hatsi shara. A nan kara abincin dabba ne, danga ne, rumbu ne, kuma shi ke rufe gona ya hana iskar rani kwashe ƙasa. Wanda ya kwashe shi ya kai masana'anta ya talauta gonar. Ɓawon gyaɗa ya fi dacewa: kusan kashi ɗaya cikin uku nasa liginin ne, ya fi na kara nesa ba kusa ba, kuma yana taruwa wuri guda inda ake ɓara. Ba mu da masana'antar takarda, don haka sai an tsamo liginin ɗin kai tsaye da ruwan soda, a kwantar da shi da asid. Wannan matakin farko bai fi ƙarfin ɗakin gwaji irin na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ba. Injin jan zaren da murhun naitirojin su ne ke son kuɗi da wutar da ba ta ɗaukewa.