Lambar nauyin sandar fatsa ta hannu biyu wajen kamun tirawut na teku da ƙananan salmon

Sandar fatsa ta hannu biyu, wadda aka fi sani da sandar Spey, doguwar sanda ce da ake jefa ƙwaron bogi da ita a kogunan ƙasashe masu sanyi irin su Sikotilan, Norway, Suwidin, Kanada da arewa maso yammacin Amurka. Ƙwaron bogin ƙugiya ce da aka ɗaura wa gashin tsuntsu da zare, ta fito kamar ƙwaro ko ɗan kifi. Kowace sanda akwai lamba a rubuce kusa da mariƙinta, misali 6 ko 8, kuma lambar tana nuna nauyin igiyar da sandar za ta iya jefawa ne, ba girman kifin da za ta iya ja ba. A fatsar da aka saba da ita, dalma da ƙoto ne ke jan zare zuwa nesa. A nan kuwa ƙwaron ba shi da wani nauyi, igiyar ce da kanta ke ɗaukarsa ta kai shi. Shi ya sa duk maganar zaɓen sanda take komawa kan igiya.

Asali

Sunan ya samo asali ne daga kogin Spey na Sikotilan, inda salon jifar ya kafu a ƙarni na 19. Ruwan kogin yana da gudu, gaɓarsa kuma cike da itatuwa, babu filin da mutum zai wulla igiya ta bayansa. Sai masu fatsa suka koyi barin bakin igiyar ya taɓa ruwa a gefensu, sauran ya lanƙwashe a iska kamar harafin D, sannan su tura shi gaba. Sandunan wancan zamani na katakon greenheart ne da ake kawowa daga Guyana, wasu sun kai ƙafa 18 ko fiye, ga nauyi kuma. Da irinsu ne wani gwanin fatsa ɗan Sikotilan, Alexander Grant, ya yi jifar yadi 65 a kogin Ness na ƙasar a 1895. Tun daga shekarun 1970 sandunan kabon suka maye gurbinsu, suka rage nauyi ƙwarai.

Yadda lambar take

A farkon shekarun 1960 ƙungiyar masu ƙera kayan fatsa ta Amurka, AFTMA, ta tsayar da ma'auni: a auna ƙafa 30 na farkon igiya da giren, wanda kowane ɗaya yake daidai da kusan giram 0.065. A wannan ma'auni lamba 5 giren 140 ce, lamba 6 giren 160, lamba 7 giren 185, lamba 8 giren 210. Sai dai an yi shi ne domin sandar hannu ɗaya, kuma a nan ne sabon shiga ke yawan ruɗewa. Sandar hannu biyu mai lamba 7 tana jefa kan igiya, sashenta na gaba mai nauyi, da ya kai wajen giren 450 zuwa 520, wato ya fi ninki biyu na takwararta ta hannu ɗaya. Masu harkar kan ce a ƙara biyu ko uku: sandar hannu biyu mai lamba 4 tana aikin ta hannu ɗaya mai lamba 6 ko 7. Wanda ya saba kama tirawut na teku da sandar hannu ɗaya mai lamba 8, idan ya sayi ta hannu biyu mai lamba 8, ya sayo makamin manyan salmon ne bai sani ba.

Kamfanoni ma ba su bin layi ɗaya. Lamba 7 ta wani kamfani tana iya zama 8 a wurin wani, don haka da yawansu suke rubuta iyakar giren ko giram da sandar ke ɗauka, daga ƙasa zuwa sama. Wannan rubutu ya fi lambar abin dogaro.

Irin igiyar ma yana sauya lissafi. Igiyar Skagit, wadda masu kamun steelhead, wani irin tirawut mai zuwa teku, suka ɓullo da ita a kogin Skagit na jihar Washington ta Amurka, gajeren kai gare ta mai kauri, ƙafa 20 zuwa 25, an yi ta don ɗaga baki mai nutsewa, wato guntun igiya da ake haɗawa a gaba don ya kai ƙwaron ƙarƙashin ruwa, da babban ƙwaro. Igiyar Scandi, wadda ake dangantawa da salon jifar wani mai fatsa ɗan Suwidin, Göran Andersson, ta fi tsawo da sirantar baki, tana sauka a ruwa a hankali, kuma a sanda ɗaya takan fi ta Skagit sauƙin nauyi.

Kifayen da ake nufi

Tirawut na teku, Salmo trutta, jinsinsa ɗaya da tirawut na rafi, amma shi yakan fita teku ya yi kiwo ya dawo kogi don saka ƙwai. A yankin Wales na Birtaniya ana ce masa sewin, kuma a kogunan Tywi da Teifi da dare ake nemansa, domin kifi ne mai tsananin tsoro. Ƙaramin salmon kuwa, wanda ake kira grilse, salmon ne na Atilantika, Salmo salar, da ya yi hunturu ɗaya kacal a teku ya dawo. Yawanci nauyinsa tsakanin kilo 1.5 ne zuwa 3.

Zaɓen lamba

Ga waɗannan kifaye biyu, lamba 6 da 7 su ne tsakiyar hanya, a sanda mai tsawon ƙafa 11 zuwa 13. Lamba 6 ta fi dacewa da bazarar Turai, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi garau, ana jefa ƙananan ƙwari da igiya mai yawo a saman ruwa. Igiya mai nauyi idan ta faɗo a irin wannan ruwa, ta kori duk abin da ke kwance a gurbin. Lamba 7 ita ce ta mai sanda ɗaya tak: tana ɗaukar baki mai nutsewa in ruwa ya ƙaru, tana jure iska, kuma idan salmon mai kilo 6 ko 7 ya kama ba zato, ba a shiga uku ba. A ƙananan rafuka masu rassa a sama, gajeruwar sanda ta ƙafa 10 da rabi zuwa 11 da rabi, wadda ake iya riƙewa da hannu ɗaya ko biyu, ta fi sauƙin sarrafawa.

Lamba 4 da 5 suna da daɗin riƙo, amma wurinsu ƙananan kifaye ne da ranar da babu iska. Lamba 8 da 9 kuwa sai wuraren da yanayi ya tilasta. Babban misali shi ne kogin Rio Grande na Tierra del Fuego, a ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu, inda aka zuba tirawut a shekarun 1930 suka koma masu zuwa teku. A can kifin yana iya wuce kilo 10, ga iskar da ba ta fasawa, kuma iskar ma ta fi kifin tilasta wa mutum ɗaukar sanda mai ƙarfi. Haka kogin Mörrum na Suwidin, wanda ya shahara da manyan tirawut na teku.

Akwai kuma batun ran kifin. Salmon na Atilantika ya ragu sosai a koguna da yawa, har ta kai ga Wales ta wajabta sakin duk wanda aka kama tun daga 2020. Sanda mara ƙarfi tana tsawaita kokawa, kifin ya galabaita, kuma idan ruwa ya yi ɗumi iskar shaƙa ta ragu a cikinsa, zai iya mutuwa bayan an sake shi ko da an ga ya tafi da kansa. Saboda haka masu kula da koguna suke son a yi amfani da sanda da zare masu ƙarfin da za a jawo kifi cikin 'yan mintuna, a cire masa ƙugiya yana cikin ruwa.