Kwaɗon da ke gefen adireshin shafi: me yake tabbatarwa?

Mece ce takardar shaida ta dijital?

Ɗan fayil ne da shafin intanet ke miƙa wa burauzarka (manhajar da kake shiga intanet da ita, kamar Chrome) da zarar ka buɗe shi. Yana ɗauke da sunan shafin, mabuɗinsa na fili (doguwar lambar da burauza ke tantance shafin da ita), ranar ƙarewar wa'adinsa, da sa hannun hukumar da ta bayar da shi. In komai ya dace, sai a kulle hanyar, ta yadda wanda kuke amfani da intanet ɗin otal ɗaya da shi ba zai iya karanta kalmar sirrinka ba. Alamar kwaɗon da ke gefen adireshi ita ke nuna an kulle hanyar.

Wa ya ce a yarda da waɗannan hukumomi?

Apple da Google da Microsoft da Mozilla, kowanne na da jerin waɗanda ya amince da su, irin su DigiCert da Let's Encrypt. Kamar baƙo ne da mai unguwa ya tsaya masa: ba ka san shi ba, amma ka san mai unguwar.

In hukumar ce ta yi sakaci fa?

An taɓa yi. A 2011 masu kutse suka shiga kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, suka buga takardun bogi fiye da 500, har da ta Google. Da ita aka leƙa saƙonnin Gmail na mutane kusan 300,000, galibinsu a Iran. Burauzoci suka goge sunan kamfanin daga jerinsu, cikin 'yan makonni ya durƙushe. Tun 2018 Chrome ba ya karɓar sabuwar takarda sai an shigar da ita rajistar da kowa zai iya dubawa, don mai shafi ya gano in an buga wata da sunansa.

Ke nan in na ga kwaɗo, shafin na kirki ne?

Ko kusa! Nan ne jama'a ke faɗawa rami. Takardar na tabbatar da cewa kana magana da adireshin da ke rubuce a sama, ba ta san halin mai shi ba. Tun 2015 Let's Encrypt ke bayar da ita kyauta, kuma abin a yaba ne, sai dai ɗan damfara ma na iya samu. Ya yi rajistar suna mai kama da na bankinka, ya sauya harafi ɗaya, kwaɗo ya bayyana tsaf. Wannan ruɗanin ne ya sa Chrome ya cire alamar a 2023. Karanta adireshin harafi-harafi kafin ka sa lambar katinka.

Gargaɗi ya fito cewa hanyar ba ta da tsaro. In ci gaba?

Fara duba kwanan watan wayarka, don in ya karkace, takarda mai kyau ma sai a ƙi ta. In daidai yake, kuma shafin na kuɗi ne ko na imel, koma baya.