Gidan tarayya ba takarda: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ga tambayoyin da ake yi mini, kowace da amsata a ƙarƙashinta.

Da baki kawai muka yi maganar tarayya a gidan. Tana da ƙarfi?

Tana da shi, in akwai shaidu. In babu, shi da ya musanta za a ba rantsuwa.

Shaidu nawa?

Maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu. A Malikiyya, shaida ɗaya da rantsuwarka ma ya wadatar a sha'anin dukiya. Amma ban da mahaifinka, ɗanka ko matarka. Kullum sai na faɗa.

Ai mai unguwa ya sani.

Yana wurin da kuka ƙulla, ko labari ya ji?

Ni da Yaya muka haɗa kuɗi muka gina gida a Ƙofar Marusa, takarda da sunansa. Ya rasu, 'ya'yansa sun ce ba su san zancen ba.

Kwantar da hankalinka, ba ka rasa ba tukuna, amma da aiki. Rasit ɗin siminti da kwano, alat na banki, magini da ka riƙa biya, duk suna nuna kuɗinka ya shiga ginin. Ba su nuna a matsayin me ya shiga ba. Magada za su ce rance ne ko gudummawa, kuma in alƙali ya ɗauke shi rance, kuɗinka na wancan lokacin za a ba ka, ba rabin gida ba. Don haka nemo wanda ya ji marigayin da kunnensa yana cewa gidan naku ne ku biyu. Ko da shaidun, za a ƙara maka rantsuwa, tunda mamaci kake da'awa a kansa. Sannan kotu: rabon gado na Kotun Shari'a ne, amma in filin na da shaidar mallaka ta gwamna, dokar filaye ta 1978 ta ba Babbar Kotun Jiha hurumin rikicin mallakarsa. Wace kotu za ka fara zuwa ya danganta da yadda aka tsara ƙarar, a nan kam sai lauya. Kai dai yi magana kafin a raba gado.

Na yi shekaru ban ce komai ba.

To, me ka tsaya jira? Bare ya riƙe gida shekara 10 kana gani ka yi shiru, hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum ba a yi masa jayayya ba, zai iya cinye da'awarka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka nisa.

Abokin tarayyata ya sayar da rabonsa ban sani ba.

Kana da shuf'a, wato haƙƙin karɓe rabon da ya sayar, muddin ba a raba gidan ba: ka biya abin da mai sayen ya biya, ka karɓe. Kana gari, ka sani, ka yi shiru har shekara, ta faɗi.