Waiwaye: Florence Lawrence, jarumar da kamfani ya ɓoye sunanta

A yau mai kallo kan duba fasta ya ga wa ya fito kafin ma ya tambayi labarin fim. A Amurka ta farkon ƙarni na 20 kuwa, zamanin fina-finai marasa sauti, da gangan kamfanoni suke ƙin rubuta sunayen 'yan wasa. Sun san cewa duk wanda jama'a suka riƙe sunansa, gobe zai zo neman ƙarin albashi.

Florence Lawrence na cikin waɗanda wannan al'ada ta fara karyewa a kansu. An haife ta a 1886 a garin Hamilton na Kanada, kuma tun tana ƙarama take hawa dandamali tare da mahaifiyarta, wadda ita ma 'yar wasa ce. A 1908 ta shiga kamfanin Biograph a New York, ƙarƙashin darakta D. W. Griffith, ana biyanta dala 25 a mako. Fina-finan lokacin gajeru ne, da ƙyar suke wuce minti goma sha biyar, don haka fuskarta ba ta rabuwa da majigi. Masu kallo suka yi ta aiko wasiƙu suna tambayar sunanta, kamfanin ya yi gum, sai suka raɗa mata "Yarinyar Biograph".

Da Biograph ya sallame ta a 1909, Carl Laemmle na kamfanin IMP, wanda daga baya ya kafa kamfanin Universal, ya ɗauke ta. A farkon 1910 sai jita-jita ta bazu cewa taragon cikin gari ya take ta har lahira. Yawancin masu tarihin fim na ganin Laemmle ne da kansa ya kunna wutar, kuma biri ya yi kama da mutum, domin nan da nan ya sayi fili a jarida ya ƙaryata labarin, ya ɗora laifin a kan abokan hamayyarsa, ya buga hotonta da cikakken sunanta. Daga nan ya tura ta birnin St. Louis don a gan ta ido da ido. Jama'a suka yi mata caa, har da masu tsinke maɓallan rigarta su ajiye. Sauran kamfanoni suka ga irin cinikin da suna ke jawowa, suka bi sahu. (Faransawa dai za su ce ɗan wasan barkwancinsu Max Linder ya riga ta yin suna, kuma suna da hujja.)

A 1912 ta kafa kamfanin Victor tare da mijinta Harry Solter. Bayan 'yan shekaru ta ji mummunan rauni a wata gobara da aka shirya wajen ɗaukar fim, kuma daga nan tauraruwarta ta fara dusashewa. Karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta cinye dukiyarta. A ƙarshen rayuwarta ƙananan fitowa take samu a kamfanin MGM, inda sau da yawa ko sunanta ba a sawa.

Ta kashe kanta a watan Disamba na 1938, bayan doguwar jinya, tana da shekara 52 da fina-finai kusan 300 a bayanta. Kabarinta a Hollywood ya zauna babu ko allon suna har 1991, lokacin da ɗan wasa Roddy McDowall ya biya aka kafa masa dutse mai ɗauke da sunanta.